Jarabar wasan bidiyo: yadda ake gane ta da yadda ɗalibi zai kare karatunsa

Jarabar wasan bidiyo, wadda matasa suka fi kira jarabar gem, yanayi ne da mutum ke kasa riƙe kansa a kan wasa da waya, kwamfuta ko na'urar PlayStation, har abin ya taɓa karatunsa, barcinsa da zamansa da iyali. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sanya ta cikin kundin cututtuka na 11, CIM-11, da lamba 6C51. Sunanta da Faransanci shi ne «trouble du jeu vidéo». An amince da kundin a watan Mayu na 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022.

Alamomin da likitoci ke dubawa

OMS ba ta ƙayyade yawan sa'o'in da idan aka wuce su an kamu ba. Abubuwa uku take dubawa. Na farko, mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na tsayawa: ya ce zagaye ɗaya zai buga, sai kiran sallar asuba ya same shi da waya a hannu. Na biyu, wasan ya sha gaban komai, har abinci, wanka da bitar darasi. Na uku, ya ci gaba ko ma ya ƙara, alhali yana ganin illar da idonsa, kamar faɗuwa jarrabawa ko rigima da iyaye.

Kafin a ce cuta ce, sai halin ya jawo babbar matsala a rayuwa, kuma galibi sai ya kai wata 12 ana ganinsa. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan matsayi. Saboda haka ɗalibin da ya buga eFootball na awa biyu ranar Asabar bayan ya gama aikin gida ba mara lafiya ba ne. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne mai gyangyaɗi a aji kullum, mai ɓoye wa iyaye lokacin da ya ɓata, mai karkatar da kuɗin karin kumallo zuwa sayen intanet.

Abin da ke sa ajiye wayar ke da wuya

Wasanni irin su Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, da PUBG Mobile na 2018, kyauta ake sauke su. Kamfanonin na samun kuɗi ne daga kayan da ake saya a cikin wasan, don haka ribarsu tana ga daɗewar mai wasa. Zagaye ɗaya na Free Fire kusan minti goma ne, da 'yan wasa 50, abin da ke sa «bari in ƙara ɗaya» ya zo da sauƙi. Akwai kyautar shiga kullum, wadda ke wuce mutum idan ya tsallake rana. Akwai matakin daraja da ke hawa da sauka. Akwai kuma abokan rukuni da ke jira, wanda fita ya bar su tamkar cin amana ne.

Wasu wasannin na sayar da akwatin sa'a: a biya kuɗi ba tare da an san abin da ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca.

Matakan da wasu ƙasashe suka gwada

A 2011 Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Dokar ba ta shafi wasannin waya ba, yara da dama kuma suka koma shiga da sunan iyayensu. A 2021 aka yanke shawarar soke ta, aka bar wa iyaye zaɓin lokaci. China kuwa tsanantawa ta yi: a watan Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga takwas zuwa tara na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu.

Daidaita wasa da karatu

Ga ɗalibin da ke shirin BEPC ko bakaloriya, barci ne abu na farko da wasan dare ke ci. Masana barci na ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga mai shekara 13 zuwa 18, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Mataki mafi sauƙi shi ne wayar ta kwana a wajen ɗakin kwana.

Na biyu, a fara da bita, wasa ya zo a baya, kuma a tsayar da lokacin tashi tun kafin a fara. Wayoyin Android na da «Bien-être numérique», iPhone na da «Temps d'écran». Dukansu na nuna mintocin da kowace manhaja ta ci, suna kuma iya rufe ta idan lokaci ya cika. Manhajar Family Link na ba iyaye damar saka iyaka daga tasu wayar.

Ƙwace waya da duka ba safai suke magance matsalar ba, domin yaro kan koma wayar aboki ko shagon gem na unguwa. Ya fi amfani a zauna da shi a tsara lokaci, a kuma samar masa abin da zai maye gurbin wasan, kamar ƙwallo ko koyon sana'a.

Wani lokaci yawan wasa mafaka ce daga damuwa, kaɗaici ko tsangwama a makaranta. Idan ɗalibi ya daina zuwa aji, ya keɓe kansa, ko yana tayar da hankalin gida duk lokacin da aka hana shi waya, lokaci ya yi da za a kai shi wurin likita ko masanin halayyar ɗan Adam.