Kan Sarki da Tambarin Tunawa: Daga Fotugal Zuwa Kasuwar Jega

A Jega da Aliero da Maiyama, inda albasa ke tashi buhu-buhu zuwa kudancin Najeriya, ɗan kasuwa ya fi sanin kan sarki a jikin rasidi da takardar yarjejeniya fiye da bayan ambulan. An saba idan an yi cinikin fili ko shago a manna shi a ƙasan takarda, a sa hannu ya ratsa ta kansa. Sunan ma daga zamanin Turawa ya samo asali: hoton kan sarkin Ingila ne a jikin ƴar takardar, sai Bahaushe ya kira ta da abin da ya gani.

Kan sarki iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, wanda ake ta sake bugawa shekara da shekaru, akwai kuma na tunawa, wanda ake fitarwa domin cikar shekaru ko wani biki, a sayar na ɗan lokaci a janye. Ɗan'uwansa shi ne tambarin biki, da hukuma ke sawa a takardunta da allunan talla. Dukansu gwamnati ce ke zaɓen abin da zai hau kansu, saboda haka suna nuna abin da masu mulki suke so a tuna.

Ingila ce ta fara buga kan sarki a 1840. Fotugal ta bi sahu a 1853 da hoton Sarauniya Maria ta Biyu, kuma tana cikin ƙasashen da suka fara mayar da shi allon tarihi. A 1894 ta fitar da jerin tunawa da cikar shekara 500 da haihuwar Yarima Henrique, wanda ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyen jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. A 1898 ta sake fitar da wani na cikar shekara 400 da isar Vasco da Gama Indiya, aka buga shi har a ƙasashen da take mulka. Abin da Lisbon ke kira gano duniya, a wannan gaɓar shi ne mafarin jigilar bayi ta teku.

A Arewa, kan sarki mai sunan Arewacin Najeriya ya fito a 1900 da hoton Sarauniya Victoria. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka fitar da mai sunan Najeriya kaɗai, ɗauke da kan Sarki George na Biyar. A ranar 1 ga Oktoba 1960 aka buga na murnar ƴancin kai.

Rabon ƙasar Kabi ya zo a 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Sabon jerin na yau da kullum ya nuna sana'o'i da arzikin ƙasa: fatu da ƙiraga a na kwabo 1, kiwon shanu a na kwabo 5, dajin Yankari a na kwabo 10. Na kwabo 30 kuwa bikin kamun kifi na Argungu aka ba shi. Bikin kansa na tunawa ne, domin an faro shi a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da ya rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato. A lokacin da aka buga hoton babu Jihar Kebbi. Sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire ta daga Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

Tun daga nan Argungu ta zama fuskar da ake nuna jihar da ita, har ta rufe sauran. Alhali yankin Jega na da nasa abin tunawa. A Gimbana, kusa da Jega, rundunar Gobir ta auka wa jama'ar Malam Abdussalami, lamarin da ke cikin dalilan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a wajajen 1820. Aliero ta yi suna da masu ɗori tun kafin a kafa mata jami'ar kimiyya da fasaha a 2006.

Fotugal ta sake leƙowa cikin tarihin tambarin Najeriya ta wata ƙofa. Tambarin FESTAC na 1977 hoton fuskar hauren giwa ce ta Sarauniya Idia ta Benin, wadda sojan Ingila suka kwashe a 1897. A saman kanta an sassaƙa jerin ƙananan kawunan Turawan Fotugal, abokan cinikin Benin na wancan zamani. Gidan tarihin Birtaniya bai bayar da aron ta ba, sai kwaikwayonta aka sassaƙa a gida.

Tambarin tunawa ba ya rasa rigima. Takardar naira 100 ta cikar shekara 100 da haɗewa, wadda aka fitar a 2014, ta fito babu rubutun ajami, abin da ya jawo ƙorafi a Arewa. A kasuwa irin ta Jega akwai masu karanta ajami da ba su karanta boko. A 2020 kuma, da aka ƙaddamar da tambarin cikar Najeriya shekara 60, an zargi masu zanen da ɗauko hoton lu'ulu'un da ke ciki daga wani kamfanin Rasha.

A wannan shekarar ce takaddama ta fito fili tsakanin hukumar gidan waya, NIPOST, da hukumar tara haraji ta FIRS kan wanda ke da hurumin karɓar harajin kan sarki. Naira 50 da banki ke cirewa a kan kuɗin da aka tura daga naira 10,000 zuwa sama daga wannan harajin ta samo asali, kuma dillalin albasa a Aliero yana cin karo da ita ko da bai taɓa taka gidan waya ba.