Ƙuduri mai lamba 1325: yadda manyan ƙasashe ke ja da baya kan shigar da mata cikin sulhu da tsaro

A ranar 31 ga Oktoba 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 1325. Ƙudurin ya buƙaci a riƙa zama da mata a wajen sasanta rikici, a kare su daga fyaɗe da cin zarafi lokacin yaƙi, a kuma kula da buƙatunsu a aikin agaji. Ƙasashe fiye da 100, ciki har da Nijar, sun tsara shirin aiwatar da shi.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na Laberiya. A 2003 mata Musulmi da Kirista, ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee, suka tare ƙofar zauren tattaunawa a birnin Accra don tilasta wa masu yaƙi su daidaita.

Sai dai gwamnatocin da suka fi zuba kuɗi a wannan fage sun fara janyewa. A 2022 ƙasar Suwidin ta yi watsi da manufarta ta hulɗa da ƙasashen waje mai fifita haƙƙin mata, wadda ta ɗauka tun 2014. A Amurka, shugaba Donald Trump ne ya sa hannu kan dokar mata da zaman lafiya da tsaro a 2017, amma a watan Afrilu 2025 ministan tsaronsa, Pete Hegseth, ya sanar da soke shirin a ma'aikatarsa. A shekarar kuma aka rufe hukumar agaji ta USAID. Ita ma Birtaniya ta ce za ta rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0,5 zuwa 0,3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, don ƙara wa soja kasafi.

A 2024 kuɗin da duniya ta kashe kan soja ya kai dalar Amurka miliyar dubu 2 da 700. A wannan shekarar, in ji Majalisar Ɗinkin Duniya, mata miliyan 676 ne ke zaune cikin tazarar kilomita 50 daga fagen faɗa, alhali cikin masu tattaunawar sulhu mata ba su kai ɗaya cikin goma ba.

A Sahel, inda mata da yara suka fi yawa cikin ƴan gudun hijira, ƙananan ƙungiyoyin mata masu sasanta jama'a da tallafa wa waɗanda aka ci zarafinsu sun dogara sosai da kuɗin waje. Su ne raguwar tallafin ke fara shafa.