Ambaliyar Botswana da Jariran da Aka Hana Nono

A farkon shekarar 2006 aka tafka ruwan sama a Botswana, ƙasar da ta fi sabawa da fari. Ambaliya ta cika masai, ta gurɓata ruwan sha, sai amai da gudawa suka ɓarke a tsakanin ƙananan yara. Daga Janairu zuwa Maris yara fiye da 400 suka rasu, alhali a daidai wannan lokaci na 2005 an ƙirga 21 ne kawai. Masu bincike daga CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun duba yaran da aka kwantar a asibitin Nyangabgwe da ke Francistown, suka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa shan nono. Yawancin iyayensu mata suna ɗauke da ƙwayar HIV mai haddasa ƙanjamau, amma mafi yawan yaran ba su da ita. An kare su daga cutar uwa ta hanyar madarar gwangwani, ruwan da ake dama madarar da shi kuma ya zama ajalin da dama daga cikinsu.

Asalin lamarin yana komawa ne ga 1994. Idan ba a ɗauki wani mataki ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 na jariran da masu HIV suka haifa ne ke kamuwa, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. A wannan shekara wani gwaji da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna cewa maganin AZT ya rage kamuwar jarirai daga kashi 25.5 zuwa 8.3. A 1999 aka gwada maganin nevirapine a asibitin Mulago da ke Kampala: ƙwaya ɗaya ga uwa lokacin naƙuda, ɗigo ɗaya ga jariri, sai kamuwa ta ragu da kusan rabi. Saura ƙofa ɗaya, wato nono. Ƙasashe masu arziki sun toshe ta da madarar gwangwani, Botswana ma ta bi sahu a 1999 ta soma raba madarar kyauta. A wancan zamani ma'aunin nasara guda ne: jariri ya kamu ko bai kamu ba. Wanda gwaji ya wanke shi, an ɗauka maganarsa ta ƙare.

Alƙaluma suka soma ƙaryata wannan zato. A Harare, binciken ZVITAMBO ya bi diddigin iyaye mata fiye da 14,000 da jariransu, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1997 da 2000, kafin magungunan rage kaifin cutar su wadata. Zuwa shekara biyu, kashi 2.9 na 'ya'yan mata marasa HIV ne suka rasu. A cikin waɗanda iyayensu ke da ita amma su ba su kamu ba, kashi 9.2 ne, wato ninki uku. Haɗarin ya fi tsanani idan jikin uwa ya yi rauni sosai, ko kuma ta rasu.

A Botswana kanta an yi gwajin Mashi, kalmar da ke nufin madara a harshen Setswana, aka fitar da sakamakonsa a 2006. An raba jarirai gida biyu, masu shan nono tare da AZT da masu shan gwangwani. A wata bakwai, kamuwa da HIV ta fi yawa a wajen masu nono, kashi 9 a kan 5.6. Mutuwa kuwa ta fi yawa a wajen masu gwangwani, kashi 9.3 a kan 4.9. Da aka kai wata 18, yawan yaran da ke raye kuma ba su da cutar ya zo kusan ɗaya a gidajen biyu. Abin da aka samu ta nan an zubar ta can. A Lusaka ma an jarraba yaye yaro farat ɗaya a wata huɗu, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai ƙara yawan masu tsira ba. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Me ya sa yaron da bai kamu ba yake da rauni haka? Dalilan sun haɗu ne. A watannin ƙarshe na ciki, uwa kan miƙa wa ɗanta sinadaran garkuwa ta mabiyiya, su ne ke riƙe shi kafin allurar rigakafi ta kama. Wani bincike da aka yi a Khayelitsha, kusa da Cape Town, aka buga a 2011, ya nuna cewa wannan gado yakan zo a tauye ga 'ya'yan masu HIV, ko da yake jikinsu yana karɓar rigakafi da kyau idan aka yi musu. Sun kuma fi yawan zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Gidan da ke da HIV sau da yawa yana da tarin fuka, jinya kuma tana cinye abin hannu. Idan aka ɗauke nono a kan duk wannan, ciwon huhu da gudawa ba sa samun mai tare su.

Mafita ta zo ne da aka mayar da hankali kan uwa. Maganin da ke danne ƙwayar cutar a jininta shi ne ke sa nononta ya zama da aminci, shi ne kuma ke raya ta har ta reni ɗanta. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da nono tare da shan magani. A 2011 Malawi ta soma ɗora kowace mai ciki da ke da HIV a kan magani na tsawon rai, ba tare da jiran jikinta ya raunana ba, ƙasashe da dama suka yi koyi da ita. A 2016 hukumar ta ce a shayar aƙalla wata 12, har zuwa shekara biyu ko fiye. A 2021 Botswana ta zama ta farko cikin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu da hukumar ta tabbatar sun hau hanyar kawar da kamuwar jarirai daga iyaye mata.

Nasarar ta haifar da al'umma guda. An ƙiyasta cewa a 2018 akwai yara miliyan 14.8 a duniya waɗanda masu HIV suka haifa ba tare da sun kamu ba, kashi 90 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara. Rabinsu suna ƙasashe biyar: Afirka ta Kudu, Uganda, Mozambik, Tanzaniya da Najeriya. Giɓin da ke tsakaninsu da sauran yara ya ragu tun da magani ya wadata, amma bai rufe ba. Saboda haka ranar da sakamakon gwajin jariri ya fito da albishir, sauran aikin yana nan: uwa ta ci gaba da shan maganinta a kan lokaci, yaro ya sha nono zalla wata shida, a kammala masa rigakafi, a riƙa auna nauyinsa, kuma a samar wa gidan ruwa mai tsabta.