Asalin Kallon Ƙaurar Tsuntsaye a Bakin Teku

A zamanin da, Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke shiga ba in sanyi ya kama. Sai dai su wayi gari su tarar da sheƙa ba kowa. Aristotle, masanin nan na Girka, cewa ya yi tsattsewa ɓuya take yi a rami har sanyi ya wuce. Wasu ma suka ce nutsewa take yi cikin laka a ƙasan tafki, kuma manyan malamai suka yi ta maimaita wannan zance shekaru aru-aru.

Ana nan, a shekarar 1822, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka harbe wata farar shamuwa. Da aka duba, sai ga mashi irin na Afirka ya huda wuyanta, ta taso da shi tun daga can. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Nan magana ta fara fitowa fili.

Amma tsuntsuwa ɗaya ba ta isa hujja ba. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmark, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya tsinci ɗaya ya aiko da labari. A 1901 kuma Johannes Thienemann ya kafa tashar lura da tsuntsaye a Rossitten, a gaɓar Tekun Baltik.

To, me ya kai tsuntsayen bakin teku? Shamuwa da shaho ba sa son yawan kaɗa fiffike. Iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ita ke ɗaga su sama, su yi ta shawagi, ita kuwa ba ta tasowa sosai a kan ruwa. Don haka sai su bi gaɓa har inda tekun ya tsuke, kamar mashigin Jibralta, mai faɗin kilomita 14 kacal.

Shi ya sa daga Maris zuwa Mayu masu kallo ke taruwa a Tarifa ta Sifen, a bakin wannan mashigi, da madubin hangen nesa, suna ƙirga tsuntsayen da ke dawowa daga Afirka. Da yawa daga cikinsu a Sahel suka ci hunturu, kamar baƙin tsuntsayen da ke sauka a dausayin Haɗeja-Nguru.