Fasahar VR a aikin haƙori

Fasahar VR a aikin haƙori wata hanya ce ta rage fargabar majiyyaci yayin cire haƙori, cike shi, ko tiyatar dasashi. Ana sanya wa majiyyaci wani tabarau na musamman mai rufe idanu, wanda ke nuna masa wuri na kwaikwayo da kwamfuta ta ƙirƙira, kamar bakin teku ko lambu. Sau da yawa ana haɗawa da abin sauraro a kunne domin rage ƙarar na'urorin likita.

Dalilin amfani da ita

Tsoron likitan haƙori yana hana mutane da yawa zuwa asibiti har sai ciwon ya yi tsanani. Wani binciken lafiyar haƙoran manya da aka gudanar a Birtaniya a 2009 ya gano cewa kashi 12 cikin 100 na fama da matsananciyar fargaba. Hankalin ɗan Adam ba ya iya bin abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka idan kallo ya ɗauke shi, kulawar da yake bai wa allura da zafi takan ragu.

Tarihi

Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington da ke Amurka sun fara amfani da fasahar a shekarun 1990 ga masu fama da ƙuna, kuma daga aikinsu aka samu manhajar SnowWorld. A 2001, Hoffman da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi a kan majiyyata biyu masu ciwon dasashi. A 2017, masu bincike daga jami'o'in Plymouth, Exeter da Birmingham a Ingila sun ruwaito cewa waɗanda aka nuna wa gaɓar tekun Wembury sun ji zafi ƙasa da waɗanda aka yi wa aiki ba tare da tabarau ba. Waɗanda aka nuna wa titunan birni ba su samu irin wannan sauƙi ba.

Iyakoki

Fasahar ba ta maye gurbin allurar kashe zafi. Wasu kan ji jiri ko tashin zuciya. Tabarau yana rufe fuskar majiyyaci, abin da ke rage wa likita damar lura da halin da yake ciki. Dole ne kuma a tsabtace na'urar bayan kowane majiyyaci.