Iskar da Bosch Ya Kora: Dalilin da Motar Dizal Ke Ƙin Tashi Bayan Gyaran Famfo

A garejin manyan motoci akwai wani ƙorafi da ya girmi masu yin sa: an kwance famfon mai, an gyara, an mayar, amma mota ta ƙi tashi. Kik na ta juyawa, batir na mutuwa, mai kaya na jira. Asalin matsalar yana cikin tarihin famfon kansa, kuma tarihin ya faro ne daga Jamus.

A shekarar 1897, a birnin Augsburg, Rudolf Diesel ya kammala injin farko da ya yi aiki yadda yake buri. Injin ba ya bukatar fulogi kamar na fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sannan a fesa mai, ya kama da kansa. Wahalar ita ce shigar da man cikin wurin da ya riga ya cika da matsi. Diesel ya yi dabarar tura shi da wata iskar da ta fi ta cikin silindar ƙarfi, wanda hakan ya tilasta a haɗa wa injin wata na'urar matse iska mai nauyi da cin ƙarfi. Shi ya sa injin ya daɗe a masana'antu da jiragen ruwa bai hau titi ba. Har Diesel ya ɓace daga cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa Ingila a 1913, ana ta fama da wannan cikas.

Kamfanonin Benz da MAN sun fito da motocin ɗaukar kaya masu amfani da dizal a 1923 da 1924. Sai dai abin da ya buɗe ƙofa ga kowa shi ne famfon da kamfanin Robert Bosch na Stuttgart ya fara ƙerawa da yawa a 1927. Kowace silinda tana da ɗan sandan ƙarfenta da ke tura mai kai tsaye ta siririn bututu zuwa nozul. An goge sandan da mazauninsa har tazarar da ke tsakaninsu ta gaza kaurin gashi nesa ba kusa ba. An yi sallama da na'urar iska, injin ya yi sauƙi, har ya shiga ƙaramar mota, Mercedes-Benz 260 D, a 1936.

Wannan nasara ta zo da sharuɗɗa biyu, kuma su ne ke kama bakanike har gobe.

Na farko, dole hanyar mai ta zama babu iska ko kaɗan. Mai ruwa ne, ba ya matsuwa. Idan aka tura shi a wannan baki, nan take ya motsa a wancan. Nozul kuwa ba ya buɗewa sai matsi ya kai wani mizani, kusan ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa a yawancin tsofaffin injuna. Man da famfo ke turawa a kowane bugu ɗan ɗigo ne. Idan akwai kumfa a cikin bututu, ita ce za ta shanye bugun, ta matsu ta sake buɗewa, nozul bai ji komai ba. Iskar da ta yi wa injin Diesel hidima ta zama abokiyar gabar famfon Bosch. Duk wanda ya kwance famfo ya buɗe mata ƙofa. Saboda haka masu ƙera irin waɗannan injuna suka tanadi ɗan famfon hannu da noti na fitar da iska: a cika filta, a buga famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, sannan a sassauta bututun nozul a buga kik har ya tsarto. Idan mota ta tashi yau amma gobe da asuba ta ƙi, galibi wani tiyo ko wasa ne ke zuƙar iska cikin dare, mai ya koma tanki.

Na biyu shi ne lokaci. Dole man ya shiga gab da fistin zai kai ƙololuwa. Idan aka ɗaura famfo da kuskuren haƙori ɗaya na giya, fesawar za ta makara ko ta yi gaggawa. Hayaƙi kan ba da shaida: rashinsa gaba ɗaya na nuna mai bai iso ba, fari mai warin ɗanyen mai na nuna ya iso amma bai ƙone ba, wato a duba taimin, ko hita, ko ƙarfin matsin silinda. Sanyin hunturu da raunin batir kan ƙara fito da aibin fili.

Irin wannan famfo ne ya yi sarauta a titunan Najeriya a cikin Marsandi 911, kuma a kansa ƙarni guda na kanikawa suka koyi sana'a da kunne da hannu.

Sai kuma zamani ya juya. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya sa wa motar Hino tsarin da ke tara mai cikin bututu guda ƙarƙashin matsi, kwamfuta ce ke buɗe kowace injekta. A 1997 tsarin ya shiga Alfa Romeo 156. A wannan mota matsin ya kai bar 1,350, yau kuwa ya wuce 2,000. A nan kwamfuta ba ta ba da izinin fesawa sai ta ga matsi ya kai mizani, kuma ƙwayar yashi ɗaya da ta faɗa yayin gyara tana iya lalata injekta. Sassauta bututu, wanda ya kasance magani a kan 911, ya zama haɗari, domin man da ke tsartowa na iya huda fata. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Don haka mai motar da aka gyara wa famfo, kafin ya yarda a sake kwance shi ko a sayi sabo, yana da tambayoyi uku da zai yi wa bakanike: wane zamanin famfo ne wannan, an fitar da iska, kuma an daidaita alamomin taimin?