Bukhara, Birnin da Kasuwarsa Ke Ƙarƙashin Ƙubba

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji karatun Sahihul Bukhari ya riga ya san sunan garin nan, ko da bai san yana ƙasar Uzbekistan ba. A Bukhara aka haifi Imam Bukhari a shekarar 810, amma kabarinsa yana kusa da Samarƙand. A da, garin Bukhara zango ne babba na fataken siliki da ke kai da kawowa tsakanin Sin da Farisa, kuma dukiyar fataucin nan ce ta gina shi.

Ginin da ya fi daɗewa a tsaye shi ne hubbaren sarakunan Samaniyawa, na farkon ƙarni na 10. Ɗan ƙarami ne, babu fenti babu tayil, gasasshen tubali ne zalla. Amma maginan sun saƙa tubalin kamar tabarma, har adon bangon yakan sauya yayin da rana ke juyawa. Ƙasa ce ta binne shi ƙarnuka da dama, shi ya sa ya tsira daga ɓarnar Mongol. A ganina babu ginin da ya kai shi kyau a duk garin.

Hasumiyar Kalon kuwa Arslan Khan ya gina ta a 1127, tsayinta ya haura mita 45. Da Jengis Khan na Mongol ya ci garin a 1220 ya ƙone shi, ita ya bar ta. A gindinta masallacin Juma'a yana fuskantar makarantar Mir Arab, wadda aka sake buɗewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ci gaba da yaye malamai a zamanin da gwamnatin Sobiyet ta rufe kusan dukkan makarantun addini.

Sai kasuwa, inda hikimar mutanen Bukhara ta fi fitowa fili. A ƙarni na 16 sarakunan Shaibaniyawa suka ɗora ƙubbobi a kan mararrabar manyan tituna, ta yadda ayari zai ratsa ta cikin inuwa, iska na shiga ta ƙofofi, haske na saukowa daga tagogin sama. Kowace ƙubba da tata sana'ar. Uku sun rage: Toki Zargaron ta maƙeran zinariya, Toki Telpak Furushon ta masu huluna, da Toki Sarrafon ta 'yan canji, inda baƙon ɗan kasuwa ke fara tsayawa ya juya kuɗinsa. Daga nan zuwa masallaci ko makaranta tafiyar mintuna kaɗan ce, don haka ɗalibi da dillali kullum suna gogar kafaɗa.

UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 1993. An gyara ƙubbobin sun yi fes, sai dai yawancin cinikin yanzu da 'yan yawon buɗe ido ake yi, darduma da wuƙaƙe da kayan tsaraba. Mutanen gari sun koma sababbin kasuwanni don cefane, kuma wannan rashi ne da gyaran bango ba zai maye ba.